Dutsen da ke tsirowa cikin bututun masan jirgin ruwa, da yadda ake cire shi

A watan Maris na 2020, ofishin da ke bin diddigin kuɗin gwamnati a madadin majalisar dokokin Amurka, wato GAO, ya fitar da rahoto kan jiragen ruwan yaƙin ƙasar. Cikin abubuwan da ya lissafo akwai wata matsala da ba ta shafi makami ko inji ba. Manyan jiragen dakon jiragen sama guda biyu, USS George H. W. Bush da USS Gerald R. Ford, waɗanda aka gina kowannensu don mutum sama da 4,000, suna fama da toshewar masai a kai a kai. Rahoton ya ce dole ne a riƙa wanke bututan ƙazantarsu da asid lokaci bayan lokaci, kuma wanki ɗaya yana cin kusan dala 400,000.

Mai karatu zai iya tambaya, me ke cikin bututun da har sai an kashe irin wannan kuɗi? Tsummoki da sauran abubuwan da mutane ke jefawa cikin masai suna da nasu laifin, amma asid ba don su ake zuba shi ba. Ana zuba shi ne don wani dutse da ke tsirowa a jikin bututun daga ciki, a hankali, ba dare ba rana, har ya shaƙe hanyar. Ma'aikatan jirgi suna kiransa dutsen fitsari. Kafin a gane yadda ake cire shi, sai an san irin masan da yake tsirowa a cikinsa, da abin da ke haifar da shi.

Dalilin zaɓen masai mai zuƙa

Masan zama na gida da nauyin ruwa yake aiki. Ana sakin lita 6 zuwa 9 lokaci guda, ruwan ya kwashi ƙazanta ya gangara da ita ta bututu mai faɗin milimita 110 ko kusa da haka, kuma dole bututun ya yi gangare tun daga farkonsa har ƙarshe. A cikin jirgin ruwa kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa nauyi ne. Ruwan daɗi sai an saya a tasha ko an tace shi daga ruwan teku da mai da wuta. Wuri ya yi ƙaranci, saboda tsakanin silin da daɓen hawa na sama akwai wayoyi da bututan iska da na kashe gobara. Ga shi kuma jirgi ba ya tsayuwa daidai, yana karkata dama da hagu, gaba da baya, ta yadda gangaren yanzu kan iya zama hawa nan da ɗan lokaci.

Masai mai zuƙa ya warware waɗannan duka. Ruwan da yake sha a kora ɗaya bai wuce lita 1 zuwa 1.5 ba. Bututunsa siriri ne, yawanci milimita 50. Ba ya neman gangare mai tsawo, yana iya kewaye ginshiƙi, har ma ya ɗaga ƙazanta sama 'yan mitoci. Wani injiniya ɗan Suwidin mai suna Joel Liljendahl ne ya kafa harsashin irinsa na zamani a shekarun 1950. A yau kamfanoni biyu ne suka fi suna a harkar: Evac na ƙasar Finlan, da Jets na ƙasar Norwe wanda aka kafa a 1986. Duk wanda ya taɓa shiga banɗakin jirgin sama, kamar alhazanmu, ya ji ƙarar zuƙar nan mai firgitarwa. Dabarar ɗaya ce, sai dai a jirgin ruwa bututan sun fi tsawo nesa ba kusa ba, kuma masan kan kai ɗaruruwa ko dubbai.

Yadda yake aiki

A can ƙasan jirgi akwai injin da aikinsa kawai ya janye iska daga cikin bututai. Wasu jiragen suna amfani da famfo mai harba ruwan ƙazantar ta wani matsattsen baki, gudun ruwan ya janyo iska tare da shi. Wasu kuma suna da inji mai dunƙulen ƙarfe a murɗe wanda yake zuƙa, ya niƙe ƙazantar, ya tura ta tanki, duk a tafiya ɗaya. Ko wanne ne, manufar ita ce a rage iskar cikin bututu zuwa kusan rabin ta waje.

Iskar da ke kewaye da mu tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo ɗaya. Ba ma jin haka ne saboda ta ko'ina take dannawa. Idan aka kwashe rabin iskar cikin bututu, sai ta waje ta fi ƙarfi da rabin kilo a kowane murabba'in santimita. Bakin bututu mai milimita 50 yana da kusan murabba'in santimita 20, ke nan ƙarfin turi ya kai na kilo 10. A ƙarƙashin kowane masai akwai bawul na roba da ke rufe. Da an danna maɓalli, bawul ɗin zai buɗe na daƙiƙa biyu ko ƙasa da haka, iskar ɗakin ta afka, ta tura abin da ke cikin kwanon a dunƙule zuwa cikin bututu da gudu. Lita ɗaya ta ruwa tana tafiya ne tare da iska kusan lita 60. Saboda haka a wannan tsari iska ce ke dakon ƙazanta, ruwa ɗauraye kwano kawai yake yi.

Dunƙulen ba ya isa tanki a zuwa ɗaya. Yana tafiya sai ya tarwatse, iska ta wuce ta samansa, ruwan ya kwanta. Don haka masu shimfiɗa bututai suke yin ɗan lanƙwaso zuwa ƙasa bayan kowace tazara, kamar aljihu, inda ruwan zai taru ya sake cika bakin bututun, kora ta gaba ta tura shi gaba. Ma'anar wannan ita ce kullum akwai fitsari mai kauri kwance a wasu wurare, kuma jikin bututun kullum a jiƙe yake da shi. A nan matsalar take farawa.

Inda dutsen yake fitowa

Babban mutum yana fitar da fitsari lita 1 zuwa 1.5 a rana. A cikinsa akwai wani sinadari da ake kira yuriya, giram 20 zuwa 30, sannan akwai fosfet da kalsiyam da magniziyam, duk a narke. Sabon fitsari yana da ɗan tsami kaɗan. Masana suna auna wannan da ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya. Abin da ke ƙasa da ita ɓangaren tsami ne, irin na tsamiya da lemon tsami, abin da ke sama kuma ɓangaren kanwa ne. Duk mai girki ta san cewa kanwa tana kashe tsami, tsami kuma yana kashe kanwa, kuma idan suka haɗu kumfa kan tashi. Labarin dutsen fitsari, daga haihuwarsa har narkewarsa, a kan wannan yake tafiya.

Sabon fitsari yana wajen lamba 6, kuma a nan gishirin cikinsa suna zaune a narke. Amma a jikin bututu akwai ƙwayoyin bakteriya da suka yi shimfiɗa mai yauƙi, kuma da yawansu suna fitar da wani sinadari mai suna yuriyes, wanda ke farfasa yuriya ta zama amoniya da kabonet. Amoniyar ce warin nan mai hawa kai da ake ji a banɗakin da ba a wankewa. Da zarar ta yawaita, sai ruwan ya haura zuwa wajen lamba 9, ya koma ɓangaren kanwa sosai. A wannan matsayi kalsiyam da magniziyam da fosfet ba sa iya zama a narke, sai su fito su zama ƙananan ƙwayoyin dutse su manne a jikin bututu.

Dutsen ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda magniziyam da amoniya da fosfet suke haɗuwa su yi, mai suna siturubait. An fara bayyana shi ne a 1845 a birnin Hamburg na Jamus, inda aka tono shi a wani tsohon jujin ƙazanta, kuma shi ne irin tsakuwar da ke fitowa a ƙodar wanda ciwon mafitsara ya daɗe a jikinsa. Akwai na kalsiyam da fosfet, dangin abin da ƙashi da haƙori suka ginu da shi. Akwai kuma na kalsiyam da kabonet, wato dutsen farar ƙasa. Waɗannan suna cakuɗuwa da maiƙo da zaren takardar masai da yauƙin bakteriya, su yi hawa-hawa, launinsu daga fari-fari zuwa ruwan ƙasa. Sabo yana da laushi, ana iya kankare shi da farce. Wanda ya shekara kuwa sai guduma.

Wannan dutse yana fitowa a masan gida ma, amma abubuwa huɗu ne suka sa ya fi tsanani a na jirgi. Na farko, ƙarancin ruwa: fitsarin da lita 9 za ta tsarma a gida, lita ɗaya ce ke raka shi a nan. Na biyu, zuƙar kanta tana fizge iskar kabon daga cikin ruwan, kuma fitar wannan iska tana ƙara tura shi ɓangaren kanwa. Na uku, guguwar iskar da ke bi ta bututu a kowace kora tana busar da jiƙon da ke jikinsa, ta bar gishirin a manne. Na huɗu, ɗumi: bututan da suka ratsa kusa da ɗakin inji suna da zafin da bakteriya ke so. Idan kuma ruwan korar yana da kalsiyam da yawa, ko aka gauraya shi da na teku, abin ya ƙara muni, domin kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da magniziyam kusan giram 1.3 da kalsiyam kusan giram 0.4.

Ke nan tsimin ruwan da ya sa aka zaɓi wannan masai shi ne kuma yake ciyar da dutsen. Ba kuskuren wani ba ne, kuma ba za a iya hana shi fitowa ɗungurungum ba. Abin da ke hannun ma'aikata shi ne kada su bari ya yi ƙarfi.

Alamomin da injiniya ke dubawa

Lissafin ƙunci yana da ban tsoro. A ɗauka faɗin cikin bututu milimita 50 ne. Idan dutse mai kaurin milimita 5 ya zagaye shi, faɗin ya koma 40, hanyar da ta rage kashi 64 cikin 100 ce. Idan kaurin ya kai milimita 10, faɗin ya koma 30, saura kashi 36 kawai. Ga shi kuma jikin dutsen yana da kaushi, duk abin da a da zai zame ya wuce yanzu sai ya maƙale. A 2011, lokacin da jirgin Bush ya fita aikinsa na farko, an yi ta ba da labarin yadda masansa 423 suke tsayawa, rundunar sojan ruwan Amurka kuma ta ɗora laifin a kan riguna da safa da makamantansu da ake jefawa ciki. Irin waɗannan kaya ko a sabon bututu suna toshewa, balle a wanda ya riga ya ƙuntace.

Alamar farko takan bayyana a masan da ya fi nisa da injin zuƙa. Agogon awon da ke jikin injin yana nuna komai lafiya, amma a ƙarshen layi zuƙar ta yi rauni, kora ba ta kwashe kwanon duka, ko kuma sai an jira kafin maɓallin ya amsa. Daga nan sai toshewa ta riƙa maimaituwa a wuri ɗaya, yawanci a gwiwar bututu, ko a aljihun nan na tara ruwa, ko a layin wuraren fitsarin maza da banɗakunan jama'a. Ƙwararren injiniya yakan ƙwanƙwasa bututun ya saurara, domin mai dutse ba ya amo. Amma tabbaci sai an buɗe murfin dubawa an zura ƙaramar kyamara mai igiya, an ga kaurinsa da tsawon wurin da ya mamaye. Ana kuma ɓantaro ɗan guntu a jefa cikin kofin asid ɗin da ake niyyar amfani da shi, a ga ko zai narke da tsawon lokacin da zai ɗauka. Wannan ɗan gwaji yana hana asarar ganguna.

Zaɓen asid

Tunda komawa ɓangaren kanwa ce ta haifi dutsen, tsami ne zai narkar da shi. Amma ba kowane asid ba ne ya dace, saboda bututu da robar bawul da injin zuƙa duk za su sha daga abin da aka zuba.

Asid ɗin sitirik, wanda shi ne tsamin da ke cikin lemon tsami, ya fi sauƙin sha'ani. Ba ya cin ƙarfen da ba ya tsatsa, bakteriya suna iya cinye ragowarsa, amma aikinsa a hankali yake, ya fi dacewa da sabon dutse. Asid ɗin salfamik gari ne, ya fi sitirik ƙarfi, kuma ajiyarsa a jirgi ba ta da wuya tunda a bushe yake. Asid ɗin fosforik shi ne tushen wasu daga cikin magungunan da ake sayarwa don wannan aiki, sau da yawa a kaurara shi ya yi yauƙi don ya manne a jikin bututu maimakon ya zarce. Asid ɗin haidirokulorik ya fi su sauri da arha, amma shi ne mafi ɓarna: yana huda ƙarfen da ba ya tsatsa da ƙananan ramuka, yana cinye tutiyar da aka shafa wa bututun ƙarfe, hayaƙinsa kuma yana ƙona huhu. Idan za a yi aiki da shi sai an haɗa da maganin da ke kare ƙarfe, kuma sai an tabbatar da irin bututun da ke jirgin.

Abubuwa biyu ne ba su da wuri a nan ko kaɗan. Ruwan batir, wato asid ɗin salfurik, idan ya haɗu da kalsiyam sai ya yi wani sabon dutse irin na filasta wanda ba ya narkewa da sauƙi, ya rufe na ƙasansa. Sodar buɗe kwata kuma tana narkar da maiƙo da gashi, amma ɓangaren kanwa take, ba ta taɓa wannan dutse, hasali ma taimaka masa take yi.

Yadda ake babban wanki

Idan dutse ya yi kauri, zuba magani a kwano a kora ba ya wadatarwa, domin ƙasan bututun kawai zai taɓa, kuma cikin daƙiƙoƙi ya wuce. Dole asid ya cika bututun ya daɗe yana zagayawa. Ana raba jirgin kashi-kashi, a ɗauki layi ɗaya ko hawa ɗaya, a rufe bawulolin da suka haɗa shi da saura, a kulle banɗakunan da ke kansa, a sanar da kowa. Sai a cire masan ƙarshen layin ko a buɗe murfin dubawa a haɗa tiyo, a haɗa wani a ɗaya ƙarshen, duka biyun su koma ga tanki da famfon da asid ba ya ci. Da ruwa zalla ake fara zagayawa don a ga ko akwai yoyo.

A nan akwai abin lura. Yawancin waɗannan bututai cusa su ake yi cikin juna da zoben roba, kuma don zuƙa aka yi mahaɗan, ba don turi ba. Zuƙa tana ƙara matse su, turi mai ƙarfi kuma yana iya raba su, asid ya zubo ta silin ɗakin kwanan wani. Shi ya sa masu wannan sana'a da yawa suka fi son janyo maganin da zuƙa. Idan akwai yoyo, iska ce za ta shiga, ba asid ne zai fito ba.

Da maganin ya fara aiki, dutsen farar ƙasa zai yi kumfa yana sakin iskar kabon, don haka dole a bar wa tankin mafitar iska zuwa waje. Amma kwanciyar kumfa ba ta nufin an gama, saboda siturubait da dutsen fosfet suna narkewa ba tare da kumfa mai yawa ba. Ma'aunin pH ne alƙali. Muddin akwai dutse, zai riƙa cinye tsamin, lambar ta riƙa hawa, a ƙara asid ta sauko, ta sake hawa. Sa'ad da ta tsaya ƙasa ta daina motsi, dutsen da maganin ke iya kaiwa gare shi ya ƙare. Wannan kan ɗauki sa'o'i da yawa. Ana sa rariya a hanyar dawowa ta tare gutsattsari, ana kuma juya alƙiblar zagayen lokaci-lokaci don a taɓa ko'ina. A ƙarshe a kashe tsamin ruwan da soda har ya dawo kusa da lamba 7, a ɗauraye layin da ruwa mai yawa, a sake zura kyamara.

Tsarin farawa yana da muhimmanci. Asid ba ya narkar da dutse duka ya zama ruwa, wani yakan saki jikin bututu ya faɗo a ɓantare. Idan aka fara da rassan nesa alhali babban layin da ke kusa da inji yana ƙuntace, ɓantarorin za su taru a can su toshe jirgin gaba ɗaya. Saboda haka daga kusa da inji ake farawa a yi baya. Ko bayan an gama, kwanakin farko akan samu toshewa nan da can daga ragowar da ke saki, kuma injiniyan da ya san aikinsa yakan zauna cikin shiri.

Inda asid ya kasa, akan koma ga ƙarfi. Ana zura siririn tiyo mai feshin ruwa da matsanancin ƙarfi ta murfin dubawa, kansa yana juyawa yana farfasa dutsen, a zuƙe tarkacen. Wannan yana aiki sosai a miƙaƙƙen bututu, amma gwiwoyi masu kaifi suna tare shi. Akwai kuma dabarar niƙaƙƙiyar ƙanƙara, wadda ma'aikatan jiragen sama suka daɗe suna yi: bayan maganin tsami ya jiƙa dutsen ya yi laushi, sai a cika kwano da ƙanƙara a kora, ta bi da gudu tana kankare jikin bututu, daga baya ta narke ba ta bar komai ba. Idan kuwa bututu ya cike har ruwa ba ya ratsawa, magani ba shi da hanyar shiga. Sai dai a kwance shi a bubbuge, ko a sa sabo, wanda a jirgin fasinja yana nufin ɓalle bango da silin na ɗakuna masu yawa.

Haɗarin da ke tattare da aikin

Haɗari mafi girma ba ƙunar asid ba ce, ko da yake ita ma tana buƙatar tabarau na kariya da safar hannu da rigar roba, kuma kullum asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Babban haɗari iska ce. Ƙazantar da ta kwana inda babu iska tana haifar da haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma zuba asid a kan tsohon laka yana sakin ta da yawa lokaci guda. Ta fi iskar shaƙa nauyi, tana taruwa a ƙasan ɗaki. Idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi alhali a lokacin ta fi kisa. A watan Satumba na 2005, ma'aikata uku na jirgin yawon shaƙatawa Monarch of the Seas sun rasu a tashar Los Angeles sakamakon wannan iska, suna cikin gyaran wani bututun ruwan ƙazanta. Don haka na'urar auna iska a ƙirji, da fanka mai jan iska, da mutum na biyu a bakin ƙofa, ba ƙawa ba ne. Haka nan bilic: idan ya haɗu da asid yana sakin iskar kulorin mai guba, shi ya sa dole masu share ɗakuna su san ranar da ake wanki.

Sai kuma injin tace ƙazanta. A jirage da yawa bakteriya masu rai ne ke cinye dattin cikin tanki kafin a saki ruwan, kuma kusa da lamba 7 suke rayuwa. Asid mai yawa zai kashe su, kuma kafin su farfaɗo sai an yi kwanaki ko makonni. Dole a karkatar da ruwan wankin zuwa tankin ajiya na dabam.

Doka ma tana nan. Sashe na huɗu na yarjejeniyar MARPOL, wadda hukumar kula da sufurin teku ta duniya mai hedikwata a Landan ke kula da ita, ya fara aiki a 27 ga Satumba 2003. Ya shafi jiragen ƙasa da ƙasa masu girman tan 400 zuwa sama, ko masu izinin ɗaukar fiye da mutum 15. Ƙazantar da aka niƙa aka kashe wa ƙwayoyin cuta ba a sakinta sai an wuce mil 3 na teku daga gaɓa. Wadda ba a taɓa ba sai an wuce mil 12, jirgi yana tafiya, kuma a hankali. A tekun Baltik dokar jiragen fasinja ta fi haka tsanani. Ruwan babban wanki kuwa, hanya mafi tsabta ita ce a kashe tsaminsa a miƙa shi ga masu karɓar shara a tasha.

Kaɗan-kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dutsen mako ɗaya laushi gare shi, ɗan tsami kaɗan ya ishe shi. Shi ya sa jiragen da ba sa fama da wannan matsala suke da ƙananan famfuna a ƙarshen kowane layi, masu ɗiga magani kaɗan a kan lokaci, dare da rana. Inda babu su, ma'aikaci ne ke zagayawa a kan jadawali, ya zuba awon da mai maganin ya faɗa a masan da ya fi nisa, ya kora, kuma ya zaɓi tsakar dare don maganin ya samu ya kwanta a aljihunan bututu kafin mutane su tashi. Wannan ɗan awo ba ya cutar da bakteriyar injin tacewa, saboda kafin ya isa can dutse da amoniya sun shanye tsaminsa.

Sauran matakan ƙanana ne, amma suna taruwa su yi yawa. A ba masu shara sabulun masai mai ɗan tsami a madadin bilic, wanda ke taurara roba kuma yake ɓangaren kanwa. A duba cewa kowane masai yana sakin ruwan da aka tsara masa, domin rage shi don tsimi ciyar da dutse ne. A gyara bawul mai yoyon iska da wuri, saboda yana raunana zuƙa yana kuma busar da layin. A rubuta kowace toshewa da wurinta, domin littafin zai nuna inda dutse ke taruwa tun kafin kyamara ta gani. Masu ƙera jirgi kuma, tun ran gini tun ran zane: gwiwoyi masu laushin lanƙwasa, da isassun murafan dubawa a inda hannu zai kai, su ne za su sa wankin shekaru masu zuwa ya yiwu ba tare da fasa bango ba.

Mai jirgin da ya ga kuɗin maganin wata-wata ya yi masa yawa, zai biya ninkinsa a ranar babban wanki, ga ɗakuna a kulle, ga ma'aikata cikin haɗarin iska mai guba. Gara a sa wannan aiki cikin jadawalin kula da jirgi tun ranar da aka fara amfani da masan, a ba shi mai kula da shi da littafinsa kamar yadda ake yi wa inji. Fasinja da ma'aikaci kuma nasu mai sauƙi ne: ban da abin da ya fito daga jiki da takardar masai, kada a jefa komai a ciki.